Na'urar Kashim da Sarƙar Ya Gumsu

A unguwar Bolewa cikin garin Potiskum akwai wani mutum mai suna Kashim, mai gyaran rediyo da fanka a bakin kasuwa. Hannunsa na da kyau a sana'a, ba ya taɓa kayan kowa, ba a kuma taɓa jin sa da shaye-shaye ba. Aibinsa guda ne, amma gudan nan ya ishi mutum: son burga. Kashim ya gwammace ya yi kuskure cikin ƙasaita da a gan shi yana koyo. In ya faɗi magana a gaban jama'a, ko daga baya ya gane ba haka take ba, sai ya ƙara mata gishiri ya kafe a kanta.

Wata shekara ya kamu da kallon hotunan bidiyo a waya, na mutanen da ke yawo da na'urar gano ƙarfe suna tsinto tsofaffin kwabbai da zobba a cikin ƙasa. Sai ya tuna filin idi, da filayen biki, da yashin ƙofar gidaje inda mata ke zubar da 'yan kunne ba su sani ba. Ya ce a ransa ai arziki ne kwance a Potiskum ba mai ɗauka.

Akwai wani ɗan kasuwa, Alhaji Babaji, wanda iyayensa suka zo daga Kano. Shi ke kawo kayan lantarki, har da irin na'urar nan da ake shafa wa mutane a ƙofar masallaci. Kashim ya sa shi ya nemo masa ta neman abin da ke cikin ƙasa. Da kaya suka iso, Alhaji Babaji ya kira shi ya shimfiɗa masa guda biyu a kan tebur.

Ta farko 'yar siririya ce marar nauyi, faifanta bai wuce tafin hannu biyu ba, tana da ɗan gilashi mai nuna lamba. Ta biyu kuwa gabjejiya ce baƙa, faifanta ya kusa murfin tukunyar biki, ga maɗaurin kafaɗa, ga batir kamar bulo.

"Malam Kashim, me ka ce za ka nema?" in ji Alhaji Babaji.

"Kwabbai da kayan ado na mata, Alhaji."

"To ɗauki ƙaramar. Abin da ya faɗi daga kunne ko daga aljihu ba ya nisa, yana nan sama-sama. Wannan ba ta zurfi, amma tana bambance ƙusa da azurfa, kowanne da lambarsa da irin kukansa. Sai dai tana son a zauna a koye ta. Ka binne zobe ka ji, ka binne murfin kwalba ka ji, har kunnenka ya saba."

"Babbar fa?"

"Babbar ta masu neman bututu ce da manyan ƙarafa a can ƙasa. Ita kowane ƙarfe ɗaya ne a wurinta. Ƙaramin abu ma sau da yawa ba ta kula shi."

Kashim ya ɗaga ƙaramar ya jujjuya, ya taɓe baki. Ya saɓa babbar a kafaɗa ya kunna. Faifan na zuwa kusa da ƙofar shagon ta saki wata irin kururuwa, har masu keke napep da ke tsaye a bakin titi suka waiwayo, wasu suka taso kallo. Wannan waiwayen shi ya yanke shawarar.

"Alhaji, waccan ai wasan yara ce. In na fita da ita cewa za a yi sandar makaho na riƙo. Wannan nake so."

"Ni ɗan kasuwa ne, babbar ta fi mini riba," in ji Alhaji Babaji. "Amma na faɗa maka gaskiya."

Kashim ya sayar da babur ɗinsa ya ɗauki babbar.

Ya fara fita da sassafe, wai kada a gan shi kafin ya ƙware. Abin da ya yi ta tonowa kuwa gwangwanaye ne, da guntayen rodi, da tsofaffin kwanoni. Duk inda ya sa faifai sai kuka, in ya haƙa sai tarkace. Matarsa Meram ta ga bayansa ya fara ciwo, shagon gyara kuma kullum a rufe.

"Baban Ikhlas, ka mayar masa da ita ka karɓo ƙaramar mana. Ai ba abin kunya ba ne."

"In koma in ce masa me? In ce ya fi ni sani? Ki bar ni da abin da na iya."

Ana nan, wata rana a gefen filin idi yana haƙar wani tsohon bokiti, sai shebur ɗinsa ya watso wani zoben azurfa daga cikin yashin sama. Ba zoben na'urar ta ji ba, bokitin ta ji, shi ma ya san haka. Amma da yamma ya tafi majalisa da zoben a yatsa da na'urar a kafaɗa.

"Wannan da kuke gani," in ji shi, "ƙanshin zinariya da azurfa take ji. In ƙarfen banza ne, kukanta daban. In abu mai daraja ne, ni kaɗai na san muryar."

Labari ya bazu. Kafin wani lokaci an daina ce masa Kashim mai rediyo, an koma Kashim mai na'ura. Duk wanda ya faɗa, sai ya ji kansa ya ƙara girma.

Cikin bazara aka yi wani babban biki a unguwar Yindiski, a gidan wata dattijuwa da ake kira Ya Gumsu, mutuniyar Borno, tana aurar da jikarta. Ranar wuni gida ya cika ya batse. Bayan la'asar Ya Gumsu ta shafa wuyanta ta ji wayam. Sarƙar zinariyar da ta gada daga mahaifiyarta, wadda ba ta sa ta sai ranar babban sha'ani, babu ita. Ta ɗora hannu a ka ta fasa salati. Kiɗa ya tsaya. Aka zazzage tabarmi, aka duba ɗakuna, ba a gani ba.

Ya Gumsu na da ɗa mai suna Zarami, direban tirela, ƙaƙƙarfa mai saurin hannu. Ya sa aka rufe ƙofar gida, ya tura a ɗauko Kashim.

Kashim ya iso cikin keke napep, ya sauko a hankali kamar likitan da aka kira gidan marar lafiya. Mata suka dare masa hanya. Ya kunna na'ura ya fara share tsakar gida. Sai kuka. Aka tona, murfin kwalba ne a kan tsohon kwano. Ya matsa gaba, kuka. Rodin ginin soro ne. Ya je wajen murhu, kuka. Ya je wurin da mata ke alwala, kuka, ga butoci ga bokitai, ya wuce bai ko tsaya ba. Gidan biki ne, ko'ina ƙarfe. Na'urar ta yi ta ihu ba ƙaƙƙautawa, shi kuwa gumi na tsatstsafo masa har cikin ido.

'Yan mata suka fara rufe baki da mayafi. Wata daga bayan taro ta ce, "Wannan ko cokali ta gani sai ta yi kuka." Aka kwashe da dariya. Dariyar nan ta soki Kashim fiye da mashi.

Zarami ya matso. "Malam Kashim, kai ka ce ka san muryar zinariya. Ina take?"

A nan ne ya kamata Kashim ya sauke na'urar ya ce wannan aikin ya fi ƙarfinta. Maimakon haka sai ya gyara tsayuwa ya ɗaga murya.

"Sarƙa ba ta cikin gidan nan. An fitar da ita."

Aka fara kallon juna. Wa ya shiga ya fita? Sai wani ya ce ai mai ruwa tun safe yake shiga yana fita da jarkoki. Mai ruwan shi ne Muhammadu Sani, mutumin wani ƙauye ta wajen Ngojin, wanda ke tura kurar ruwa a unguwar. Yana zaune da matarsa da 'ya'yansa a wani ɗakin langa-langa bayan gidan, a wani fili da ya taɓa zama garejin manyan motoci.

Zarami ya yi gaba, samari suka bi shi, Kashim na tsakiya da na'ura a kafaɗa. Suka tarar da Muhammadu Sani a ƙofar ɗakinsa yana cin shinkafar bikin da aka zubo masa. Ya miƙe da kwano a hannu.

"Lafiya dai, Alhaji Zarami?"

"Matsa. Za a duba ɗakinka."

"Bismillah, ku duba. Me ya ɓata?"

Kashim ya sunkuya ya shiga. Ɗakin ba komai sai tabarma da katifa da buhun tufafi, daɓensa na ƙasa. Ya janye katifar ya sa faifai. Na'urar ta saki wata kururuwa da ba ta taɓa yin irinta ba, har langa-langar ɗakin na amsawa. Kashim ya san ba ƙaramin abu ke sa ta wannan ihun ba, ya san sarƙa ba za ta yi haka ba. Amma ya waiwaya ya ga fuskoki cike da ƙofa, ba mai dariya yanzu, kowa shi yake kallo.

"Ga ta nan," in ji shi. "Muryar zinariya ke nan. A nan ya binne ta."

Bai rufe baki ba Zarami ya kai wa Muhammadu Sani naushi a fuska. Kwanon shinkafa ya yi sama. Wani ya yi ihun "Ɓarawo!" Kalmar nan ta bi lunguna kamar wuta a busasshiyar ciyawa, mutanen da ba su san ma abin da aka yi ba suka fito da gora da itacen girki.

"Wallahi ban ɗauka ba! Ku tona ku gani! Ku tona tukuna!"

Ba wanda ya saurare shi. Aka ja shi tsakiyar fili. Wani ya maka masa gora a gadon baya ya durƙusa. Wani ya zaro ƙarfe daga kurar ruwansa ya sauke masa a ƙafa, aka ji ƙarar ƙashi. Zarami ya kwance bel ɗinsa yana zabga masa ta wajen ƙarfen, har kan bel ɗin ya same shi a ido, jini ya wanke masa fuska. Matarsa Hajjo ta fito da goyo a baya ta faɗa kansa tana kare shi da jikinta, aka fizge ta aka wurgar gefe. 'Ya'yansa suka maƙale a jikin langa-langa suna tsala ihu. Muhammadu Sani ya daina roƙo, sai kalmar shahada yake maimaitawa, muryar na ƙara yin ƙasa.

Kashim na tsaye a ƙofar ɗaki yana kallo. Sau biyu ya buɗe baki zai ce a dakata, sai ya tuna in ya ce haka za a tambaye shi dalili. Ya ci gaba da kallo.

Wasu dattawa ne suka kutsa da ƙyar suka tsaya a kan mutumin. Ɗayansu ya ce, "Ku ji tsoron Allah! Kun ga sarƙar? Ku fito da ita mu gani!"

Aka kawo diga da shebur. Ƙasar ɗakin a daskare take kamar dutse, ba alamar an taɓa ta. Aka haƙa har gwiwa, ba komai. Zarami ya dubi Kashim.

"Tana ƙasa," in ji Kashim. "Ku ci gaba."

Aka ci gaba har ramin ya kusa ƙugu. Dattijon nan ya leƙa ya ce, "Yanzu mutumin da yake ta jigilar ruwa tun safe, yaushe ya haƙa wannan ramin ya mayar ya daɓe?" Can diga ta daki wani abu. Aka share ƙasa, aka cicciɓo shi da ƙyar. Tsohon sifirin tirela ne, tsatsa ta cinye shi, tun zamanin da wurin ke gareji.

Masu gora suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Kashim ma ya juya zai bi lungu, amma ya makara. Labari ya riga ya kai kasuwar shanu, inda ƙanin Muhammadu Sani, Abdulsalam, ke aikin lodin dabbobi. Ya iso a guje da abokan aikinsa, kowa da sandar kora shanu. Ya ga ɗan'uwansa kwance cikin jini, ƙafa a karye, ido a fashe. Ya tambayi Hajjo wa ya yi wannan. Ta ɗaga hannu ta nuna.

"Wancan mai na'urar. Shi ya ce zinariya ce."

Nauyin na'urar da maɗaurinta suka hana Kashim gudu. Sanda ta farko ta same shi a ƙeya ya kifa. Suka fizge na'urar suka ragargaza ta a kan sifirin nan har faifan ya rabu biyu. Sa'an nan suka koma kansa. Ya kare kansa da hannun dama, sanduna suka yi ta sauka a kan hannun har yatsun suka daina motsi. Ya ji haƙoransa a cikin bakinsa kamar tsakuwa. Yana ta ihu yana cewa kuskure ne, a tsaya a ji, kamar yadda Muhammadu Sani ya yi ta faɗa ɗazu, shi ma ba wanda ya saurare shi. Wasu suka nufi gidan biki suka farfasa kujeru suka yayyaga rumfa, mata suka watse da kuka, amarya aka fitar da ita ta ƙofar baya. Sai da 'yan sanda suka iso suka harba barkonon tsohuwa sa'an nan fili ya watse. Aka kwashi mutum biyu a bayan mota zuwa asibiti, a cikinsu ba wanda ya san inda kansa yake.

Washegari da safe wata mata na sharar tsakar gidan Ya Gumsu, tsintsiyarta ta jawo wani abu mai ƙyalli a wurin alwala. Sarƙar ce. Maƙullinta ne ya tsinke lokacin da tsohuwar ta sunkuya wanke ƙafa, aka tattake ta cikin jiƙaƙƙen yashi. Ƙasar da ta rufe ta ba ta kai kaurin yatsa ba. Da aka miƙa wa Ya Gumsu, ta ƙi karɓa. Ta ce a ɗauke ta daga gabanta, sarƙar da aka zubar da jinin bawan Allah a kanta ba za ta sake hawa wuyanta ba.

Muhammadu Sani ya rayu, amma idon ya tafi, ƙafar kuma ta ɗore a karkace. Tura kurar ruwa ta ƙare masa. Kotu ta ɗaure Zarami da wasu daga cikin samarin, ta ɗaure Abdulsalam, ta ɗaure Kashim. Kafin ya fito, Meram ta sayar da kayan shagon ta ciyar da yara. Ko da ba ta sayar ba, hannun da ke riƙe sukudireba ya riga ya shanye.

Da ya fito, ya daɗe yana jan ƙafa kafin ya iya zuwa Yindiski. Ya sami Muhammadu Sani zaune a kan benci a bakin titi, da ɗan tebur yana sayar da goro da alewa. Kashim ya yi sallama ya tsuguna a ƙasa.

"Malam Muhammadu, ni ne Kashim. Na zo neman gafara."

Muhammadu Sani ya juyo da lafiyayyen idon ya dube shi, ya dubi shanyayyen hannun.

"Abu ɗaya nake son in sani. Lokacin da ka ce zinariya ce, ka yarda zinariyar ce?"

Kashim ya sunkuyar da kai. "A'a. Na san ba ita ba ce."

"To me na yi maka?"

"Ba ka yi mini komai ba. Dariya aka yi mini, na ji kunya."

Muhammadu Sani ya gyara goron da ke kan tebur. Can ya ce, "Ido da ƙafa na bar wa Allah, na yafe maka. Amma akwai abin da ba nawa ba ne balle in yafe. Ɗiyata ta daina zuwa islamiyya, don yara na ce mata 'yar ɓarawo. Waɗanda suka ji ihun ranar nan sun fi waɗanda suka ji an ga sarƙa yawa. Wannan kai ka ɗora mana, kai za ka sauke."

Ranar Juma'a bayan an idar da salla a masallacin unguwar, Kashim ya miƙe a gaban jama'a, ga giɓi a baki ga hannu a rataye. Ya faɗi sunansa, ya faɗi abin da ya yi, ya ce ƙarya ya yi wa Muhammadu Sani yana sane. Mutumin da bai taɓa yarda ya yi kuskure ko a gaban matarsa ba, ranar ya faɗa a gaban gari. Wasu suka tsaya suka ji, da yawa kuwa sun riga sun ɗauki takalmansu. Ya ci gaba da bin majalisu da shaguna yana maimaitawa. Duk da haka, har Muhammadu Sani ya tattara iyalinsa ya koma ƙauye, akwai masu nuna ɗakin langa-langar nan suna cewa nan ne gidan mai ruwan da ya saci sarƙa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kayan aiki ana zaɓensa ne don aikin da za a yi da shi, ba don idon masu kallo ba, kuma wanda ya ƙi zama ya koya zai wayi gari yana rufe jahilcinsa da ƙarya. Kunyar amsa kuskure ta ɗan lokaci ce, amma ƙazafi magana ce zarar bunu, in ta fita ba ta komawa, ko mai ita ya bi gari yana janye ta. Haka kuma duk wanda ya ji an yi ihun ɓarawo, ya riƙe hannunsa har sai ya ga hujja, ya bar hukunci ga hukuma. Girman kai rawanin tsiya ne, kuma sau da yawa ba mai rawanin kaɗai yake ci ba, har da bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba.